Ƙwan Durgun Inna a Injin Surukina

Kajin Inna durgu ne, masu gajerun ƙafafun nan da in suna tafiya za ka ce jan ciki suke yi. Da su ta zo gidan mahaifina a Miri, kaza biyu da zakara ɗaya a cikin kwando, kuma tun daga ranar gidanmu bai rabu da jininsu ba. Da ta rasu, 'yan'uwana suka raba tukwane da akwati da zannuwa. Ni na ce a bar mini akurki. Aka yi dariya, aka bar mini.

Durgu tana da wani hali da kowa a gidan ya sani. In ka sa mata ƙwai takwas, kada ka jira 'yan tsaki takwas. Wasu a cikin ɓawo suke mutuwa tun kwanakin farko, ko da kazar ba ta ɗaga daga kansu ba. Cikin waɗanda suka fito ma, wasu dogayen ƙafafu suke yi kamar kowace kazar bola. Inna takan ce durgu tun daga ƙwai take fidda zakka. Ba ta taɓa tambayar dalili ba. Ni ne na tambaya, bayan na haye arba'in, a shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci. Tun da na gane cewa waɗannan ƙugiyoyin da ke jikin buhun taki magana ce, sai tambaya ta zame mini ciwo.

Wadda na tambaya wata mata ce 'yar kudu, mai shagon abincin kaji da magungunansu a wajen Ƙofar Wambai. Madam muke ce mata. Ta yi karatun aikin ɗakin gwaje-gwaje kafin ta kama kasuwa. Hausarta ba ta damu da mace ko namiji ba, amma ba ta taɓa gaya mini abin da ba ta sani ba.

Ta ce, "Malam, kai tambaya ya yi maka yawa. Kawo ƙwai uku daga ƙarƙashin kaza. Ɗaya ya kwana ɗaya, ɗaya ya kwana biyu, ɗaya ya kwana uku. Zan nuna maka."

Na ji zafin ba da ƙwai uku, amma na kai. Ta fasa su a hankali a kan farantan tangaran, ta miƙo mini madubin ƙara girma. A kan kowace gwaiduwa akwai ɗan farin tabon nan da matanmu ke tsincewa da bakin cokali. Ta ce wannan tabon shi ne kazar, gwaiduwa guzuri ce kawai. A na kwana ɗaya tabon ya faɗaɗa, da wani siririn layi a tsakiyarsa kamar an ja kunya da tsinke. A na kwana biyu layin ya yi kauri ta gefe ɗaya, ya zama kamar guntun zaren auduga. A na kwana uku kuwa jijiyoyi ja sun bazu, ga wani jan ɗigo a tsakiya yana bugawa. Ba kai sosai, ba ƙafa, ba fiffike, amma zuciya ta riga ta kama aiki. Na daɗe ina kallonta har ta tsaya.

Sai ta nuna mini wani hoto mai motsi a wayarta, wanda aka ɗauka ta madubi aka ƙara masa sauri. Ashe tabon nan taron ƙwayoyin halitta ne, ƙanana, ba su ƙirguwa, kuma ba a zaune suke ba. Na ga sun taso daga dama da hagu suna kewayawa, kamar guguwa biyu, suna haɗuwa a tsakiya. Inda suka haɗu nan layin ke fitowa. Suna isa layin sai su nutse ciki, su bazu ta ƙasa, kamar yadda masu keke da masu babur ke matsuwa a bakin Ƙofar Wambai, da sun shige kowa ya kama lungunsa. Ta ce waɗanda suka nutse su ke zama hanji da zuciya da tsoka, waɗanda suka rage a sama su zama fata da ƙwaƙwalwa.

Na ce, "Wa yake gaya wa kowanne inda zai je?"

Ta ce, "Maƙwabcinsa. Kowa yana duba wanda ke kusa da shi. Shi ya sa a makaranta muna yanka tabon da allura siririya kamar gashi, kafin gobe ya rufe kansa. In ka raba shi biyu tun layi bai fito ba, kowane rabi zai iya fara nasa layi. Amma in kowa ya riga ya kama wurinsa, wannan dama ya wuce."

Ta kuma gaya mini abu biyu da ban manta ba. Na farko, zakkar Inna gado ce. Tsakon da ya gaji gajeriyar ƙafa ta wajen uwa da ta wajen uba gaba ɗaya, shi ne ke mutuwa a ɓawo. Wanda ya gada ta gefe ɗaya shi ne durgu. Ke nan durgu ɗaya tak, mace ko namiji, ta isa ta riƙe jinin gida. Na biyu, ta nuna mini wasu fararen igiyoyi biyu da ke riƙe da gwaiduwa a tsakiyar ƙwai. Ta ce, "Yankan allura yana warkewa. Amma in ka girgiza ƙwai da ƙarfi, ka tsinke masa shimfiɗa. Kada ka bari kowa ya girgiza ƙwan kwanci."

Shekara ta zagayo, bayan an gama girbi, annobar kaji ta shigo unguwarmu. Da safe ka ga kaza ta saki fukafukai, wuya ya murɗe, kafin la'asar ta tafi. Cikin kwana goma babu gidan da ake jin cara. Zakarana ya riga kowa. Kaza ɗaya ce ta jure, wata baƙar durgu mai farin wuya, ta ci gaba da saka mini ƙwai. Kullum in ɗauke, in rubuta masa lamba da fensir, in ajiye a cikin ƙwarya mai ƙaiƙayi a bayan randa. Wannan ne amfani na farko da na yi da rubutu a wajen aji. Ta saka na goma sha ɗaya, washegari na same ta a sanƙare. Ƙwai goma sha ɗaya, su ne abin da ya rage na kwandon Inna, kuma ba kaza ko ɗaya a Miri da za ta kwanta a kansu.

Akwai dai agwagwar mai ɗakina, wadda annobar ba ta ko kalla ba, kuma a ranakun ta fara kwanci a kan nata ƙwan a bayan rumbu. Na ce zan cusa mata su.

Mai ɗakina ta ce, "Haba Malam. Ga inji a gidan Yaya, mai gilashi da lambobi, sai ka kai wa wannan ƙazamar? Da ƙafarta mai faɗin nan za ta tattake su."

Dole in faɗi ko wane ne Yaya. Wan mai ɗakina ne, ya yi aikin ofis har ya yi ritaya, ya gina gida a Gwallameji mai dogon get da farantan sola a rufi. Mutum ne wanda in ya sayi abu, ya ɗauka ya san abin. Ya sayi injin ƙyanƙyasa ya kafa a ɗakin da ke kusa da get, yana shiga da baƙi su gani kamar sabuwar mota. Sau ɗaya ya taɓa kunna shi. Ya sayo kiret biyu na ƙwan gidan gona, irin na masu shayi, na kajin da ba su taɓa ganin zakara ba, ya zuba, ya zauna jiran mako uku. Da wari ya kori mutanen gidan, sai ya ce waɗanda suka ƙera injin ne ba su san yanayin Bauchi ba. Tun da ya ji na shiga aji kuwa, ya daina kirana da sunana. Ɗalibi yake ce mini, a gaban kowa. Akwai kuma abin da ba ya son a tuna: yana yaro ya yi tallan dafaffen ƙwan zabi a tasha. Mai ɗakina ce ta gaya mini, ta ce in na kuskura na faɗa ba ruwanta.

Duk wannan na sani. Na san labarin kiret biyu. Amma na naɗe ƙwaryata da tsohon zane na kai masa. Injin yana da lambobi masu haske, agwagwa ba ta da su, ni kuma a lokacin duk abin da ke da rubutu a jiki ina ganin ya fi ni. Wannan wautar tawa ce, ba ta kowa ba.

Ya karɓe ni a tsaye. Ya ɗauki ƙwai ɗaya ya juya, ya ga lambar fensir.

"Ɗalibi, wannan biyar ce ko ƙugiyar rataye nama?"

"Biyar ce, Yaya."

"To madalla. Badi war haka ka kai shida." Ya jera su a injin, ya danna wani abu ya yi ƙara. "Je ka abinka. Nan kimiyya ce, ba bayan rumbu ba."

Na ce, "Alfarma ɗaya nake roƙo. Kada a taɓa su sai sun yi mako."

Ya dube ni ta saman tabarau kamar akuya ce ta yi masa sallama.

Ranar Talata da yamma na kai su. Alhamis da hantsi na kasa zama, na auni gyaɗa a buhu don godiya, na hau keke mai ƙafa uku. Ina shiga get na ji muryarsa a ɗakin injin, yana yi wa wani abokinsa bayani, shi ma tsohon ma'aikaci. Na yi sallama na shiga. Murfin injin a buɗe. A kan tebur ga kwanon silba, ga ɓawo a zube, ga lambobina a jikin ɓawon. Bakwai. Uku. Goma. A hannunsa akwai wani ƙwan, ya ɗaga shi daidai bakin kwano.

"Yawwa, ga mai kayan. Ɗalibi, ka yi asara. Fanko ne duka, ba zakara a jikinsu. Na haska su da waya, babu komai. Na gwada su ɗaya bayan ɗaya, ko motsi." Ya kai ƙwan kunnensa ya girgiza, sau uku, da gwanintar wuyan hannu irin ta wanda ya yi shekaru yana zaɓen ƙwai a hannun matan ƙauye. "Ka ji? Shiru. Abu mai rai ai motsi yake. Gara a soya mana su kafin su zama baragurbi."

Wannan gwajin na 'yan talla ne, kuma ko a wajensu ba abin da yake nufi ke nan ba. Ƙwan da ya yi shiru shi ne lafiyayye, wanda ya yi ƙara shi ne ruɓaɓɓe. Hannunsa ya tuna tasha, kansa bai tuna ba. Ya buga ƙwan a bakin kwano.

Na ce, "Yaya, tsaya."

Ban ɗaga murya ba, amma ya tsaya. Ƙwan ya tsage, bai buɗe ba. Lamba tara. Na karɓe shi daga hannunsa na ajiye a kan hulata. Na ƙirga ɓawon da ke tebur, shida. Na ciro tabaran da na saya don karatu, na sa, na sunkuya a kan kwanon. Huɗu daga cikin gwaiduwar sun fashe sun gauraye. Biyu suna nan cif. A kan kowacce tabon ya faɗaɗa ya kai girman farcen babban yatsa, a tsakiya ga guntun zaren audugar nan, mai kauri ta gefe ɗaya. Kwana ɗaya da rabi suna tafiya, kowa ya nutse ya kama hanyarsa, sun kusa haɗa zuciya, aka juye su a kwanon silba don a ci da burodi.

Na ce, "Ga su nan. Suna da rai."

"Ina?"

Na nuna masa da tsinken tsintsiya, ban taɓa ba. Ya leƙa daga nesa, kamar mai leƙa masai.

"Wannan majinar? Kowane ƙwai yana da ita. Ɗalibi, a aji nawa ake koya muku wannan, aji biyu ko uku?"

Abokin nasa ya ce in ba shi tabarau. Ya sa, ya sunkuya, ya daɗe. Da ya ɗago sai ya ce, "Alhaji, akwai wani abu kamar tsutsa fa."

"Kai ma ka shiga ajin nasu ke nan."

A saman injin akwai wani ɗan littafi a cikin leda. Ledar ba a taɓa yage ta ba, har ƙura ta yi mata riga. Littafin da aka sayo injin da shi ne. A bayansa, ta cikin ledar, ana ganin zanen hannu riƙe da ƙwai a gaban fitila, da wata lamba babba a gefe. Turanci ban iya ba har yau. Amma lamba ba ta da yare. Na ɗauka na miƙa masa.

"Yaya, idona ba shi da kyau, karatuna kuma bai yi nisa ba. Wannan bakwai ce?"

Ya karɓa. Ya karanta abin da ke ƙasan zanen, leɓensa na motsi kamar namu a aji. Abokin ya leƙa ta kafaɗarsa, ya karanta da ƙarfi, ya fassara ba tare da kowa ya roƙe shi ba: a haska ƙwai a rana ta bakwai, kada a girgiza.

Na zaci zai ce wani abu irin na mutane. Abin da ya ce shi ne, "Wannan na kajin Turawa ne. Na gida daban suke." Ya jefa littafin kan tebur. "To mayar da sauran ciki, tunda ka zama likita."

Na ce a'a, na gode. Na tambaye shi ko akwai kyandir a gidan. Ya ce gidan da ke da sola me zai yi da kyandir. Matarsa ce, da ta ji maganar daga tsakar gida, ta miƙo guntu ta taga, da ashana. Na kunna, na ɗiga kakin a kan tsagar lamba tara, ɗigo bayan ɗigo, ina hurawa ya sha iska, har na rufe ta daga farko zuwa ƙarshe. Haka Inna take yi wa ƙwan da kaza ta taka, sai dai ita da kakin zuma. Na kwashe sauran huɗun daga injin: biyu, huɗu, biyar, goma sha ɗaya. Duk ya girgiza su, ya faɗa da bakinsa. Na naɗe biyar ɗin a rawanin da ke wuyana, na ɗaura su a cikina ta ƙarƙashin riga, inda ɗumin jiki zai same su. Gyaɗar na bar masa. Don godiya na kawo ta, kuma ban ga dalilin da zai sa in koma da kaya a ka ba.

Ina fita na ji yana ce wa abokin, "Ka ga illar ɗan ilimi kaɗan." A kan wannan dai ban saɓa masa ba.

Mai keken da na tare na roƙe shi ya bi a hankali. Ya dubi cikina ya ce, "Baba, aiki aka yi maka?" Na ce kusan haka. Duk ramin da muka tunkara sai in miƙe kaɗan daga kujera, in bar gwiwoyina su sha girgizar. Da muka bar kwalta na sauka na ƙarasa da ƙafa, ina tafiya irin ta durgu.

Mai ɗakina tana tankaɗe na shiga. Ta dubi fuskata, ta dubi rigata.

"Nawa?"

"Biyar."

"Sauran fa?"

"Suna cikin Yaya, in an samu burodi."

Ta ajiye rariya, ta zagaya bayan rumbu, ta kama agwagwar nan tana huci ta ɗaga ta, ta kwashe rabin ƙwanta don a samu wuri. Na jera nawa a tsakiya. Agwagwar ta dawo, ta dube su, ta gyara su da baki ɗaya bayan ɗaya, ta sauke ƙirjinta a kansu a hankali kamar ana ajiye tulu. Ita ba ta haska ba, ba ta kai kunne ba.

Na buɗe shafin ƙarshe na littafin ajina, na ja layi ashirin da ɗaya. Kowace safiya in soke ɗaya. Malaminmu ya gani ya tambaye ni ko wane irin lissafi ne wannan, na ce aikin gida ne. A ranakun nan abin da nake tunani ɗaya ne. Madam ta ce yanka yana warkewa, girgiza ba ta warkewa. Amma ba ta faɗi girgiza nawa ba. Na koma shagonta na ba ta labari. Ta riƙe haɓa ta ce, "Wannan surukinka, ya yi makaranta kuwa?" Na ce takardunsa sun cika bango. Ta ce, "To ka jira kwana bakwai. In igiya bai tsinke ba, za su ci gaba. Su ba su san an zage su ba."

Rana ta bakwai da azahar, da agwagwar ta tashi shan ruwa, na kwaso su na shiga ɗaki. Na rufe ƙofa, na rataya bargo a taga, na naɗe takarda a bakin tocila. Lamba biyu: haske ya ratsa shi fes, ba komai. Lamba goma sha ɗaya, na ƙarshen da baƙar kazar ta saka, wanda na fi sa wa rai: wani jan zobe ne kawai a ciki, alamar ya fara ya tsaya. Ko girgiza ce, ko zakkar Inna, ban sani ba, kuma ba zan ɗora wa Yaya abin da ban tabbatar ba. Shidan da na gani da idona sun ishe shi. Lamba huɗu: jijiyoyi kamar saiwar gero. Lamba biyar haka. Na ɗauki lamba tara mai kaki, na juya shi, sai ga wani baƙin ɗigo, ido, ya gusa daga hasken.

Uku ke nan. Cikin ukun nan kuma ba wanda ya san mai gajeriyar ƙafa. Suna iya fitowa duka dogaye, in tashi da kaji uku irin na kowa, kwandon Inna ya ƙare a hannuna.

Ƙwan agwagwa ya fi na kaza daɗewa da mako biyu, saboda haka dole a tsare, a ɗauke 'yan tsakin da sun fito, don ita ba za ta tashi ta bi su ba. Daga rana ta ashirin na ɗauki tabarma na koma bayan rumbu da wuni. Mai ɗakina ta ce ko lokacin haihuwar ɗanmu na fari ban yi wannan zaman ba. Na ce lokacin ba a kai shi Gwallameji ba.

Lamba tara ne ya fara. Ya fasa ɓawon ta gefen da babu kaki, ya fito jiƙe, ya miƙe a kan ƙafafu dogaye kamar na balbela. Na yi hamdala, na sa shi a ƙwarya, amma ba shi nake jira ba. Lamba huɗu ya huda ɗan rami, ya yi kuka rabin yini, ya yi shiru. Da na buɗe shi daga baya, durgu ne, cikakke, ƙarfin fita ne ya rasa. Na binne shi a gindin rumbu. Saura lamba biyar, mai ƙugiyar rataye nama. Layina ashirin da ɗaya suka ƙare bai motsa ba. Na ƙara layi ɗaya a ƙasa. Washegari da hantsi na ɗaga agwagwar, na tarar da ɓawon a rabe biyu, da wani ɗan baƙin abu a tsakanin manyan ƙwan. Na ɗora shi a tafin hannuna. Ya yi ƙoƙarin tsayawa, cikinsa bai bar tafina ba.

Mai ɗakina ta leƙo ta ce, "Tsugune yake ko tsaye?"

Na ce, "Tsaye."

Mace ce. Ta girma ta zama baƙa, ba farin wuya. Mai kakin ya zama zakara, dogo, marar kunya. Da ta fara saka, na bar mata nata ta kwanta, kuma kamar yadda Madam ta faɗa, da yake uban dogo ne, wannan karon ba a fidda zakka ba. Rabi suka fito dogaye, rabi suna jan ciki.

Da Babbar Sallah Yaya ya zo gaishe da ƙanwarsa, da mota, ya ajiye ta inda duk unguwa za ta gani. Ya zauna a kujerar da muka aro masa. Durgun ta wuce ta gabansa da 'ya'yanta a baya. Ya bi su da kallo.

"Ɗalibi, waɗannan ba su ne na injina ba?"

"Uwarsu ta kwana biyu a can, Yaya."

"Ka gani. Farkon shi ne komai. In aka samu farko mai kyau, ko agwagwa ta ƙarasa." Ya gyara babbar riga. "Yanzu irin nan ana nemansu. Ka haɗa mini ƙwai goma, zan buga su a inji in ga yadda za a faɗaɗa abin."

Na ce to. Na shiga ciki na gaya wa mai ɗakina abin da ya ce. Ta dube ni, na dube ta. Ta ɗauko ƙwai goma daga bayan randa, ta zaɓi waɗanda suka fi daɗewa, ta ɗora tukunya. Da suka yi ta tsame su a ruwan sanyi, ta ƙulla gishiri da yaji a 'yar takarda, irin ƙullin da ake yi a tasha. Ita ta san yadda ake yi, ta ce tana ƙarama ita ke ƙulla masa. Na jera su a faranti na kai masa har mota.

Ya taɓa ɗaya, ya ji ɗumi, ya ga ƙullin yajin.

Na ce, "An dafa su, Yaya. Waɗannan ko an girgiza ba abin da zai same su."

Ya daɗe yana kallon farantin. Sannan ya karɓa ya ajiye a kujerar gefe, don ba mutum ne mai mayar da kyauta ba. Na tsaya har ya juya motar, saboda 'yan tsakin suna kiwo a bakin hanya, kuma ba su da ƙafar gudu.